Idon Baƙo: Ganin Farko a Labaran Tafiya, Daga Gwandu Zuwa Landan

A watan Mayun 1853 wani ɗan ƙaramin ayari ya shiga Gwandu daga wajen Sakkwato. Jagoransa Bajamushe ne mai yi wa gwamnatin Ingila aiki, Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim. Cikin barorinsa akwai wani yaro Bahaushe ɗan ƙasar Damagaram, Dorugu, wanda aka kama bauta yana ƙarami, abokin tafiyar Barth mai suna Overweg ya 'yanta shi a Barno. Bayan shekara biyu da 'yan watanni, a Satumbar 1855, su biyun suka sauka Landan. Barth ya zauna ya rubuta littafi mai juzu'i 5, aka buga shi tsakanin 1857 da 1858. Dorugu kuwa da baki ya ba da nasa labarin, da Hausa, wani ɗan mishan mai suna J. F. Schön yana rubutawa, aka fitar da shi cikin Magana Hausa a 1885. Ke nan tafiya guda ta bar mana Bature yana kallon Gwandu da Bahaushe yana kallon Landan, abin da ba kasafai tarihi yake haɗa wa mai nazari ba.

Kowane labarin tafiya, na baka ko na rubuce, yana da wata gaɓa da mai sauraro yake jira: lokacin da matafiyi ya hango gari, ya shiga ƙofa, ya sauke kaya. Wahalar hanya ana iya dunƙule ta a ce "mun dai sha wuya", a wuce. Isa kuwa ba a yarda a dunƙule ta. Sai an faɗi yadda ganuwa take, wa ya fara yi maka magana, me aka kawo maka ka ci. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan gaɓa a matsayin mafi gaskiya a cikin labarin, wai don ido bai riga ya saba ba. Ban yarda da haka ba. Matafiyi yana isowa ne da abin da aka cika masa kunne da shi tun daga gida, ya sauka hannun wanda zai zaɓar masa abin da zai gani, sa'an nan in ya tashi ba da labari ya san sarai wanda ke saurarensa. Ganin farko yana da daraja, amma sai an san yadda ake karanta shi.

Mu fara da Barth. Kafin ya iso ya riga ya ji cewa Gwandu ce ke riƙe da yammacin daular Usmaniyya, tun daga Yawuri da Nupe da Ilori har zuwa Sayi a bakin Kwara, har Liptako can ƙasar da yau ake kira Burkina Faso. Wanda ya ji haka, kuma ya riga ya ga Kano a 1851 ya ƙiyasta mazaunanta sun kai 30,000, dole ya sa ran wani gagarumin birni. Abin da ya tarar shi ne gari madaidaici a cikin kwari, da 'yar kasuwa wadda ba ta burge shi ba, da mutane cikin zaman ɗar-ɗar. Zaman ɗar-ɗar ɗin yana da dalili. Tun 1849 Kabawa suka ɗaga tutar tawaye ƙarƙashin Yakubu Nabame, Arawa da Dandawa da Zabarmawa suka mara musu baya, hanyoyin yamma suka zama sai da shiri. Barth ya zo a mummunan lokaci, ya rubuta abin da ya gani a wannan lokacin, masu karatu a Turai kuma suka ɗauka haka Gwandu take tun fil azal.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne Sarkin Gwandu Halilu ɗan Abdullahi bai yarda sun gana ba. Sai ta hannun 'yan tsakani aka yi komai, su kuma suka ja da shi a kan kyauta, suka ce wadda ya kawo ba ta kai wadda ya ba Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Wurno ba, sai da ya ƙara kafin a ba shi takardar izinin wucewa. Barth ya kwatanta Halilu da masu keɓe kansu a ɗakin ibada, kuma bai faɗi haka don yabo ba. A mudun Barth, sarki shi ne mai zaman fada, mai dawaki, mai karɓar jakadu. A mudun mutanen Gwandu kuwa, Halilu malami ne ɗan malami, mai gudun duniya, kuma har yau da wannan ake tunawa da shi. Kowannensu ya auna da mudun gidansu, awon bai zo ɗaya ba. Wanda ya karanta shafukan nan bai san wane ne Abdullahi ɗan Fodiyo ba, bai san irin gidan da Halilu ya tashi ba, zai fito da labarin wani sarki mai rauni da ke ɓuya daga baƙi, alhali abin da ya faru ya fi haka zurfi.

Ban faɗi wannan don in rage wa Barth daraja ba. Mutum ne mai jin Larabci da Hausa, mai tambaya, mai rubuta ƙananan abubuwa. Ya lura da ayaba a lambunan garin, ya yaba albasar Gwandu, kuma duk wanda ya ga buhunan albasar da ke fita daga Aliero a yau ya san idonsa bai yi ƙarya ba. Amma babban abin da ya samu a Gwandu bai gan shi ranar da ya shiga ba. Sai da ya kwana biyu, ya saba da malamai, sa'an nan wani malami mai suna Buhari ya ara masa Tarihus Sudan, littafin tarihin daular Songhai da Tumbutu. Ya duƙufa kwanaki yana kwafe abin da ya iya kwafewa cikin gaggawa. Ya ma yi kuskuren jingina littafin ga Ahmad Baba, alhali na Abdurrahman as-Sa'adi ne, amma daga wannan kwafi masanan Turai suka fara fahimtar tsarin sarakunan Songhai. Dukiyar Gwandu a gafaka take, ba a rumfunan kasuwa ba, kuma ba a buɗe wa mutum gafaka ranar da ya sauka.

Turawan da suka biyo baya ba sai an daɗe a kansu ba. Eduard Flegel, da Joseph Thomson a 1885, da Paul Staudinger, da William Wallace a 1894, duk sun zo ne bayan littafin Barth ya riga ya zama jagora, saboda haka rabin ganinsu na farko gwaji ne tsakanin abin da ke gabansu da abin da suka karanta. Thomson ma takardar yarjejeniya ya zo nema wa kamfanin George Goldie, wanda ya zama Royal Niger Company a 1886. Mai irin wannan buƙata ganuwa yake dubawa, da yawan dawaki, da abin da ake saye da sayarwa. A 1903, da Turawa suka ci ƙasar, aka ga amfanin da aka yi da irin wannan kallo.

Dorugu daban ne, kuma a ganina shi ne gwanin labarin tafiya a Hausa wanda har yau ba a ba shi haƙƙinsa ba. Bara ne, saboda haka bai shiga Turai ta ƙofar manya ba. Ya shige ta ta wajen masu hidima, inda ake ganin yadda ake shirya abu kafin a kai shi gaban baƙi. Sun bi ta Tarabulus, suka hau jirgin ruwa, suka ratsa Faransa, suka isa Landan, ya kuma je Jamus. Wurin da labarinsa ya fi armashi shi ne inda ya tsaya yana bayyana yadda Turawan Ingila suke cin abinci in sun gayyaci baƙi: yadda ake jera kayan ci a tebur, yadda maza da mata suke shiga su zauna, yadda ake kawo abinci kashi-kashi ana canza faranti. Bai yi zagi ba, bai kuma yi kirari ba. Ya dai ɗauki Turawa a matsayin wata ƙabila mai al'adu masu ban mamaki waɗanda ke buƙatar a yi wa mutum bayaninsu daki-daki, daidai yadda maigidansa ya ɗauki Hausawa da Barebari da Buzaye. Yaron da ya shekara uku yana kallon Bature yana tambaya yana rubutawa ya koyi sana'ar, ya juya ta kan masu ita.

Salonsa ma abin nazari ne. Jimlolinsa gajeru ne, suna bin juna kamar yadda zango ke bin zango: muka tashi, muka yi tafiya, muka sauka, aka kawo mana kaza. Ba ya gaya maka abin da ya ji a zuciya sai nadiran. Wannan shi ne tsohon salon labarin baka, wanda mai sauraro ne ke cike gurbin mamaki da kansa, da "ikon Allah!" da "kai, haba!" Sai dai mai sauraron Dorugu ba abokin hira ba ne a dandali. Schön ne, Bature, mai neman jimlolin Hausa don ya rubuta nahawu da ƙamus ya kuma fassara littattafan addininsa, kuma a gidansa yaron yake ci yake sha. Wanda ke cin tuwon gidan mutum ba ya kushe garin mai gidan a gabansa. Duk inda Dorugu ya yi shiru, ko ya wuce da sauri, mai karatu ya tuna da wannan. Ya dawo gida a 1864, ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Baturen nan Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912.

Abokin tafiyarsa Abbega, Bamargi, ya zama sarkin Lakwaja daga baya, kuma jikansa ne Maimaina, wanda mahaifinsa mutumin Jega ne, nan kusa da Kalgo a ƙasar Gwandu. Maimaina ya yi wa Turawa tafinta a lokacin da suke cin ƙasar Arewa, ya zama Sarkin Askira a Barno, aka buga Labarin Maimaina na Jega a 1958. Nasa idon na uku ne: Bahaushe mai shiga garuruwan 'yan'uwansa a bayan soja. A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka haɗa labarinsa da na Dorugu suka fassara su da Ingilishi a littafi guda.

Kada a ɗauka wai da zuwan Turawa aka fara irin wannan rubutu a ƙasar nan. Malamanmu sun gaji salon rihla daga Larabawa, sun san Ibn Batuta, kuma Gwandu tana da nata misalin wanda ya girmi Barth da kusan rabin ƙarni. Wajen 1807, ana tsakiyar jihadi, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga abin da bai gamshe shi ba a cikin jama'arsu: son mulki da tara dukiya sun fara shiga zukatan waɗanda suka fito don gyara. Ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Da ya isa Kano sai mutanenta suka riƙe shi, shi kuma ya ga abin da ya gudo dominsa yana nan ya riga shi isowa. Ya ba da labarin a Tazyinul Waraƙat, wanda ya rubuta a 1813. A Kanon ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam a kan yadda ake mulki bisa shari'a, sa'an nan ya juyo gida.

A dubi bambancin. Barth ya shiga Kano ya cika shafuka da kasuwa da marina da farashin turkuɗi. Abdullahi ya shiga Kano, abin da ya tsaya masa a rai shi ne halin addini da halin masu mulki. Ba wai bai ga ganuwa ko Dala ba ne. Ba su ne tambayarsa ba. A wurin malami, isa baƙon gari dama ce ta auna mutane da littafi, kuma abin da ke fitowa daga ganin farko hukunci ne, ba siffantawa ba. Wannan reshe na al'adar yana nan da ransa. Duk malamin da ya dawo daga Landan ko Dubai ya hau mumbari ya ce "na ga ƙasar da ba a ƙarya a ciniki amma ba a salla", ko akasin haka, a kan wannan turba yake. Sai dai akwai abin da ya sa na Abdullahi ya yi nauyi: kafin ya auna Kanawa ya riga ya auna mutanensa, ya same su da tawaya, har ya bar su. Yawancin masu kwaikwayonsa na yau suna tsallake wannan mataki, sai hukuncin ya koma ko dai zagin baƙi ko zagin gida, gwargwadon abin da masu sauraro suka fi so su ji.

A 1934 sai abin ya juya gaba ɗaya: Gwandu ta tafi kallon Ingila. Sarkin Gwandu Usman, wanda ke zaune a Birnin Kebbi tun da an mayar da fadar can a farkon mulkin Turawa, ya yi tafiya tare da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero, suka gana da Sarkin Ingila George na 5. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya riga su, tun 1921, kuma ya koma sau da dama. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta shirya irin waɗannan tafiye-tafiye, kuma manufarta ba ɓoyayya ba ce: a nuna wa sarakuna ƙarfin Ingila, su dawo su gaya wa talakawansu cewa ja da waɗannan mutane ɓata lokaci ne. An tsara musu inda za su je da abin da za su gani, su kuma jaridu da masu ɗaukar majigi suna biye da rawunansu. Mai kallo ya zama abin kallo.

Masanin tarihi Moses Ochonu, a littafinsa Emirs in London na 2022, ya nuna cewa sarakunan ba su tsaya inda aka ajiye su ba. Sun yi nasu nazarin Turawa, suka zaɓi abin da zai amfane su, suka dawo suka yi amfani da labarin tafiyar wajen ƙara wa kansu kwarjini a idon jama'a. Na yarda da shi, amma ina ƙarawa da cewa labarin sarki shi ne mafi ƙarancin 'yanci a duk wannan fanni. Sarki ba ya mamaki a bainar jama'a. Ba zai ce sanyi ya gigita shi ba, ko ya rasa yadda ake buɗe ƙofa, ko abincin bai yi masa ba. Ga Razdan yana jiran ya ji an yaba, ga fadawa suna jiran su ji an girmama ubangijinsu. Abin da ya rage tsakanin waɗannan biyu kaɗan ne, shi ya sa bara irin Dorugu ya fi sarakuna ba mu Ingila mai rai.

'Yan boko sun zo da tasu tambayar. Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma wadda Nnamdi Azikiwe yake ciki, ana tsakar Yaƙin Duniya na Biyu, ya gana da tsohon Gwamna Lugga, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, aka buga a 1944. Malam Aminu Kano ya fitar da Motsi Ya Fi Zama a 1955. Sunayen littattafan kaɗai sun isa su nuna manufa: a tafi, a gani, a dawo a gyara gida. A hannunsu baƙon birni ya zama hujja a muhawarar da ake yi a Zariya da Kano a kan ilimi da mulkin En'e da haƙƙin talaka. Sun buɗe ido, babu shakka. Illar da salon ya haifar daga baya ita ce ta marubucin da ke sauka filin jirgi da hukuncinsa a aljihu, duk titi mai tsabta da ya gani sai ya zama bulalar dukan mutanen garinsu, har mai karatu ya kasa ganin birnin saboda yawan wa'azi.

Duk wannan rubutacce ne, kuma rubutaccen shi ne ƙaramin kashi. Mafi yawan labaran isa baƙon gari da aka taɓa bayarwa a Gwandu da Kalgo a zaure aka ba da su, ko a tsakar gida bayan sallar isha'i. Ƙasar nan hanyar fatake ce. Jega babbar kasuwa ce a ƙarni na 19, ayarin goro yana bi ta nan ya ƙetare Kwara ya ratsa Bargu zuwa Salaga a ƙasar Gwanja. Alhaji Umaru, malamin nan da ya zauna a Salaga ya rasu a Kete-Krachi a 1934, asalin gidansu Kabi ne. Akwai kuma masu tafiya Makka a ƙasa, ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, wasu su shekara da shekaru, wasu su zauna a Sudan ba su dawo ba.

Abin da ya bambanta Bahaushen matafiyi da su Barth shi ne da wuya ya sauka cikin baƙunci tsantsa. Akwai zango, akwai fatoma. Ko a Kumasi ne, ko Sabo ta Ibadan, ko Agege a Legas, ko unguwannin Hausawa na Makka da Jidda, mutum yana sauka ne hannun wanda ke jin harshensa, ya ba shi ruwa da tabarma, ya gaya masa unguwar da ba a shiga da dare, da irin mutanen da ba a ba bashi. Kafin ya fita ya ga gari da idonsa, an riga an fassara masa shi. Wannan rahama ce ga matafiyi, Hausawa ma sun ce matambayi ba ya ɓata, amma ga mai nazari yana nufin abin da ake kira ganin farko sau da yawa ganin fatoma ne, wanda shi ma ya gada daga wanda ya sauke shi. Haka ra'ayi guda a kan Yarabawa ko Tonawa ko Larabawa yake yawo daga baki zuwa baki shekara ɗari, kowa yana rantsuwa da idonsa ya gani.

Labarin zaure yana da tsarinsa, ko da masu yinsa ba su taɓa zama sun tsara ba. Ana farawa da gaisuwa da ban gajiya, a tambayi hanya, a tambayi mutanen can. Sai mai labari ya bi ta kan masauki, da ruwa, da abinci, da kuɗin ƙasar da abin da suke saye, da yadda ake salla. Tsaraba tana gefe tana ba da shaida: dabino, zamzam, tasbaha, haƙorin Makka. Na alhazai yana da wata ƙololuwa da ba ta canzawa, wato ganin Ka'aba na farko, inda mai labari kan ce bakinsa ya mutu, hawaye suka zubo. A nan ne hujjata ta fi fitowa fili, kuma a nan ne ta fi buƙatar ladabi. Babu birnin da Bahaushe ya sani kafin ya gan shi kamar Makka. Tun yana makarantar allo yake jin sunayen wurarenta, yana fuskantarta sau biyar kullum. In ya isa, ba sabon abu yake gani ba, alkawari ne ya cika, kuma kukan na gaskiya ne ko da kakansa ma haka ya ba da labari. Sabon abu na gaske yana fitowa ne a gefe, in hira ta yi nisa: yadda lifta ta rufe da tsohuwa ta yi ta salati, yadda aka kwana ɗaki guda da mutumin Indunusiya ba mai jin maganar wani amma aka rabu ana kuka. Hajiyoyi sun fi alhazai riƙe irin waɗannan, wataƙila don ba a ɗora musu nauyin su dawo da hukunci ba.

Yau maniyyatan Gwandu da Kalgo daga filin jirgin Ambursa suke tashi, cikin sa'o'i kaɗan suna Saudiyya, kuma kafin su sauke jaka hoton masauki ya riga ya iso gida ta WhatsApp. Waya ta rage ƙarya iri guda: ba wanda zai ƙara cewa ya ga gini mai taɓa gajimare a yarda ba tare da hoto ba. Amma ta ƙarfafa wata. Saurayin da ya bi ta Agadas ya shiga Libiya ko Aljeriya, ko ya je ci-rani Legas, ya san uwa da ƙanne da budurwa suna kallo. Zai tsaya gaban mota mai kyau da ba tasa ba, ba zai nuna kangon da suke kwana su goma ba. Ƙaninsa ya gani, ya sayar da akuya ya bi sahu. Abin da ya hana sarki faɗin cewa ya ji sanyi a 1934 shi ne yake hana wannan yaro faɗin cewa ya kwana da yunwa. Bambancin kawai, labarin da ake bayarwa a da sai an dawo, an huta, an yi tunani, wani lokaci har kunya ta sake mutum ya faɗi gaskiya. Na yanzu ana aiko shi tun ƙafa ba ta huce ba.

Kalgo kanta ta koma garin da baƙi ke yi wa ganin farko. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, mazauninta na dindindin kuma yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ɗalibai da malamai daga sassan Nijeriya suke sauka a mararrabar garin, su kira gida su ba da labarin zafi da shinkafa da kifi da Hausar da ba irin wadda suka saba ji a finafinan Kano ba. Su ma wani ya riga ya gaya musu abin da za su tarar, kuma su ma akwai wanda suke so ya ji.

Kirana ga ɗaliban Hausa da na tarihi a wannan jami'a da takwarorinta na Aliero da Sakkwato shi ne su ɗauki waya su shiga unguwannin Gwandu da Kalgo da Jega. Har yanzu akwai tsofaffin da suka yi fataucin goro da shanu zuwa Kurmi da Gana, da waɗanda suka ji labarin hajjin ƙasa daga bakin iyayensu, da hajiyoyin da suka fara hawa jirgi tun ana tashi daga Kano da Sakkwato. A naɗi muryarsu da Hausarsu yadda take, kada a gyara ta zuwa ta littafi. In an tambaye su abin da suka gani ranar da suka isa, a ƙara da tambayar abin da aka gaya musu kafin su tashi, da wanda ya sauke su, da abin da ba su faɗa wa mutanen gida ba sa'ad da suka dawo.